Marsandin da Lirwanu Bai Saya Ba

Ranar Talata, shida ga watan Mayu na shekarar 2025, cikin watan Zulƙida, ina zaune a zaure bayan sallar Azahar sai wayata ta yi ƙara. Shamsuddeen ne, babban ɗan aminina Lirwanu. Ko sallama bai iya yi ba, ya ce, "Baba Hedimasta, Baba ya cika." Na ce wane Baba? Na san wanda yake nufi, bakina ne kawai ya nemi ya ja lokaci. Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Allah Ya karɓi ran Malam Lirwanu Aliyu Danchadi, tsohon malamin dabbobi, yana da shekara sittin da bakwai, bayan jinyar kwana uku. An yi masa sutura a Boɗinga bayan La'asar. Da ƙyar na samu sallar, a sahun baya.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Maniru Abdullahi, tsohon hedimasta, mazaunin Shagari. Benci ɗaya muka zauna da marigayin tun ajin farko na firamare. Mutane da yawa za su ba da shaida a kansa, makiyayan da ya yi wa shanunsu allura shekara talatin da biyar sun isa su cika fili. Ni abu ɗaya zan faɗa, domin ni kaɗai na ga farkonsa, kuma ni ne na yi masa mummunar fahimta.

Lirwanu, kai da Marsandi tsohuwar soyayya ce. Muna aji biyar wata baƙa ta tsaya bakin hanya kusa da makarantarmu, direban yana zuba mata ruwa. Duk muka kewaye ta, amma kai ne ka matsa har ka ga fuskarka a jikin ƙofarta. Daga ranar ba ka sake zana komai a bayan littafinka ba sai tambarin nan nata. Ka yi aikin gwamnati a kan babur, rana da ruwa, daga rugar Lambara zuwa ta Horo Birni, kuma duk sanda babur ɗin ya watsa maka taɓo a riga sai ka ce mini, "Bari dai, Hedimasta, ranata na nan tahe." Muna dariya, amma kai ba wasa kake yi ba.

Ranar kuwa ta zo a shekarar 2019. An ba ka kuɗin sallama daga aiki, albasar da ka noma a fadamar Danchadi kuma ta yi kyau ta yi daraja a wannan shekarar. Tun kafin ka ga motar ka sa aka kafa mata rumfar kwano a ƙofar gida, daidai tsawonta da ka tambayo. Ka ɗinka farar shadda. Ka aiko mini cewa in zo mu tafi Sakkwato tare, don ba ka so ka shigo da ita gari kai kaɗai.

Na iso a makare, ka yi ta faɗa kamar yadda ka saba, domin kai mutum ne da ba ya yafe latti. Na ba ka haƙuri, na ce daga jiya ne ban huta ba: likita ya ce ƙodar matata Rabi ta gaza, sai an riƙa kai ta birni wankin ƙoda sau biyu a mako. Na faɗa maka yadda muka dawo a motar haya, mutum huɗu a baya, tana jingine da ni tana amai a leda. Na faɗe shi ne don in wanke kaina daga laifin latti. Ka ce Allah Ya ba ta lafiya, muka hau hanya.

A wurin masu sayar da motoci Marsandin tana nan tana jiran ka, baƙa wuluk, 'yar Beljiyam, kujerunta na fata. Dillalin ya miƙa maka makulli ka zagaya da ita unguwar, ina gefenka. Ban taɓa ganin fuskarka haka ba, ko ranar aurenka. Ka kunna sanyi, ka kashe, ka sake kunnawa. Da muka dawo ba ka fito nan da nan ba, ka daɗe da hannu biyu a kan sitiyari. Sannan ka fito, ka nuna wata Fijo mai ruwan toka da ke can ƙarshen layi, irin mai dogon bayan nan da ake ce wa wagon, ka ce wa dillalin, "Buɗe man bayan waccan."

Ya buɗe, ka sa aka kwantar da kujerun baya, ka cire hula ka miƙa mini, ka shiga ka miƙe da sabuwar shaddarka. Masu wanke motoci suka bar aikinsu suna kallo.

Na ce, "Likita, mi kaka yi haka? Mutane na kallon mu."

Ka ce, "Awo nika yi."

Dillalin ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya ce wannan motar iyali ce, motar kaya, ba ta dace da dattijo irinka ba. Ni ma na taya shi, har na fi shi zafi, don ni ma na ci burin a gan ni a gaban Marsandi muna shiga Boɗinga. Ka ce kana da 'ya'ya bakwai da tsohuwa a Danchadi da buhunan albasa, Marsandi ba za ta ɗauke su ba. Na ce shekara nawa kana da su ba ka tuna ba sai yau? Ka dai sayi wagon. A hanyar dawowa, wajen Sifawa, na faɗa maka maganar da har yau take ci na. Na ce, "Wanda yas saba da tabarma, ko an ba shi gado ƙasa shika sauka." Ka sauke ni a tasha, ka ce in gaida mai jiki.

Ranar Litinin da hantsi na ji hon a ƙofar gidana a Shagari. Na fito na same ka ka buɗe bayan motar, an shimfiɗa sabuwar katifa da matashi biyu, da bokiti mai murfi a gefe. Ka ce, "Ka hito da ita, kada mu makara." A nan na tuna da awon da ka yi. Na tsaya riƙe da ƙyauren gida na kasa ɗaga ido in dube ka.

Wanda ya san hanyarmu ya san Boɗinga ta fi Shagari kusa da Sakkwato. Kenan kullum sai ka juya wa birni baya ka zo ka ɗauke mu, ka sake ratsa garinku, da yamma kuma ka maido mu sannan ka koma. Litinin da Alhamis, wata goma sha huɗu. Sau ɗaya kawai ka fasa, ranar da aka yi wa mahaifiyarka rasuwa a dangi, kuma ranar ma Shamsuddeen ka turo. Tuƙinka na hankali ya zama abin tsokana, masu babur suna wuce mu suna ɗaga maka hannu, kai kuwa kowane rami sai ka rage gudu ka leƙa madubi ka ga ko ta motsa. Rabi takan ce daga inda take kwance, "Malam Lirwanu, ka taka ta mana, ni ba ƙwai ba ce." Kai kuma ka ce ai motar ce ba ta da sauri. Yayin da take kan na'ura awa huɗu, kana zaune da ni ƙarƙashin itacen dogon yaro a harabar asibiti, kana ba ni labarin cututtukan shanu har sai na manta inda nake.

Na yi ƙoƙarin gode maka sau da yawa. Duk sanda na fara sai ka ɓata fuska ka ce kai albasarka ka saya wa mota, mu dai mun dace ne. Ba ka taɓa yarda ba, ko sau ɗaya. Haƙurin da na so in ba ka a kan maganar tabarma shi ma haka ya maƙale, ina ta cewa sai na samu lokacin da ya dace.

Ba zan ce zaɓin bai yi maka ciwo ba, domin ƙarya ba ta kamata a kan mamaci. Ƙanenka Mode ya daɗe yana kiran wagon ɗin motar kasuwa. Ranar bikin 'yarka Ramla, dangin ango suka zo daga birni da manyan motoci masu ƙyalli, wani daga cikinsu da bai san ka ba ya ƙwanƙwasa gilashinka ya ce direba ya matsa baya a loda tukwane. Ka matsa, aka loda, ka kai su har gidan amarya. Kowa ya mai da abin raha, kai ma ka yi dariya, amma na ga yadda ka daɗe kana gyara hular da ba ta karkace ba. Wata rana kuma muna tsaye a gidan mai wata baƙar Marsandi ta shigo, ka bi ta da ido har ta fita. Na tambaye ka ko kana nadama. Ka ce, "Nadama dai a'a. Amma ina son ta har gobe." Ban taɓa jin ka faɗi abin da ya fi wannan nauyi ba.

Motar kuwa ba mu kaɗai ta yi wa rana ba. Ta kai mata masu naƙuda asibiti daga ƙauyukan da ban san sunayensu ba. Ta kai ɗaliban unguwarku zana jarrabawa. Ko bayan ka bar aiki makiyaya ba su bar ka ba. Na tuna ɗan maraƙin da ya karye a Horo Birni, ka ɗauko shi a baya har gida ka yi masa ɗori, mai ɗakinka Atika ta yi mako guda tana turara motar tana cewa ita da shiga cikinta sai an sake mata kujeru. Rumfar da ka kafa kuma ta yi mata kaɗan. Shekara shida bayanta yana waje rana tana dukan sa har fentin wurin ya koɗe. Atika ta sha ce maka ka ƙara kwano biyu, kai kuma kana cewa a bar ta yadda take. Ita ta gaya mini wannan a zaman makoki, ta ce ita ma ba ta taɓa tambayar ka dalili ba.

Rabi ta rasu a damina ta shekarar 2020. 'Yarmu ɗaya, Bahijja, tana aure a Gusau. Ta yi kwana arba'in ta koma ɗakinta, gidan ya zama ni da bango. Na ɗauka zuwanka Shagari ya ƙare tunda jinya ta ƙare. Juma'ar farko sai ga ka da hantsi, ka ce in sa riga. Daga nan kowace Juma'a kana zuwa ka ɗauke ni mu yi salla a Boɗinga, mu ci tuwon Atika, mu yi gardama a kan siyasa da farashin taki, ka maido ni kafin Magariba. Ba ka taɓa tambaya ta ko kaɗaici yana damu na ba. Ka dai riƙa zuwa. A cikin mako duka, wannan yinin ne kaɗai nake magana da wani fiye da gaisuwa.

Laifinka ɗaya da zan faɗa a bainar jama'a: kai da ka kai rabin gari asibiti, ba ka yarda a kai ka ba. An ce kana da hawan jini ka ce gajiya ce. Ranar Asabar ka faɗi a lambu, ka hana a gaya mini, wai kada hankalina ya tashi, Juma'a za ka zo ka ba ni labari da bakinka. Da na sani da na zo ko a ƙafa ne. Da na zauna kusa da kai na ce, Lirwanu, maganar da na faɗa maka a hanyar Sifawa ka yafe mini, ni ne ban san gado ba, ban san tabarma ba. Yanzu sai dai in rubuta a takarda, kowa ya karanta ban da kai.

Bayan addu'ar uku Shamsuddeen ya ce zai mayar da ni gida. Na ce ya zauna da baƙinsa. Na taka zuwa bakin hanya na shiga motar haya, aka matse ni tsakanin wasu samari biyu da ke kallon waya. Babu wanda ya san ni a ciki. Da muka wuce mararrabar Lambara na juya zan yi magana, sai na tuna ba ni da wanda zan yi wa. Na sauka a Shagari, na buɗe gida, na zauna a zaure da takalmana a ƙafa har aka kira salla.

Ya Allah, ga bawanKa Lirwanu ɗan Aliyu ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ka sanya kowane taku da ya yi saboda wani a mizaninsa na alheri. Abin da ya so a duniya ya bari, Ka musanya masa da wanda ya fi shi a Aljanna Firdausi. Ka haɗa shi da iyayensa da dukkan Musulmin da suka riga mu, Ka jiƙan Rabi tare da su.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinsa Malama Atika, da 'ya'yansa, Shamsuddeen da Ramla da Khadijatu da ƙannensu, da ƙanensa Mode, da dukkan dangi na Danchadi da Boɗinga, da makiyayan da suka baro shanunsu suka zo suka tsaya a rana har aka rufe shi. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa, Ya albarkaci bayansa, Ya haɗa kanku. Ku da kuke da juna, ku riƙe juna.

Ni kuwa an saba, mata da 'ya'ya da dangi ake yi wa gaisuwa, ba a bin aboki gida a ce masa ya haƙuri. Don haka nake yi wa kaina. Allah Ya ba ni haƙuri, idan tawa ta zo Ya sa in cika da imani. Allah Ya jiƙan ka, Lirwanu. Amin.

Maniru Abdullahi,
Shagari.