Kwana Huɗun da Suka Rage wa Tirelar Damba

A yammacin garin Dalanzadgad, inda layin shingen katako ya ƙare hamada ta fara, akwai wani gida da masu wucewa sukan ɗan ɗaga ƙafa idan sun zo daidai ƙofarsa. Gidan Tsedendamba ne, wanda kowa ke kira Damba. Shekarunsa sittin da takwas. Ya fi shekara ashirin yana tuƙa babbar motar ƙungiyar makiyaya, da ƙungiyar ta watse sai ya sayi injin walda ya koma gyaran murhu da ƙofofi da kekunan ɗebo ruwa. Ba shi da yawan magana. Bai taɓa shiga gidan ibada don kansa ba, sai dai ya kai matarsa Norjmaa ya jira ta a mota.

Bara waccan, a watan Mayu, Norjmaa ta faɗi a bakin murhu tana dafa shayi. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye, bakinta dai yana nan daram. Likita ya ja Damba waje ya ce zuciyarta ta gaji, kada ya sa rai za ta ga wata bazarar. Ita kuwa abu ɗaya ta nema: a kai ta inda aka yanke mata cibiya, ta yi birgima a kan ƙasar kamar yadda iyayenta suka yi da ƙarfinsu ya ƙare. Wurin yana bayan garin Gurvantes, ya haura kilomita ɗari uku, akasarin hanyar kuma sawun tayoyi ne kawai a kan tsakuwa. Norjmaa ba ta iya zama a kujera fiye da awa ɗaya. Dole a kai ta a kwance, kuma dole kafin dusar ƙanƙara ta rufe mashigin dutsen da ke hanyar.

Ƙarshen watan Agusta Damba ya ga abin da yake nema a wani gida kusa da kasuwar dabbobi. Ƙaramar tirela ce mai taya biyu, irin wadda ake jona wa mota a ɗauki tumaki ko gangar ruwa, marfin bayanta shuɗi. Tana kife a tsakar gida, tayoyinta na kallon sama. Mai ita wani saurayi ne da ke aiki a mahaƙar kwal.

Damba bai tambayi dalilin kifewar ba, don duk ɗan yankin ya sani. Abin da ya ɗauki gawa ana kife shi kwana bakwai, mamacin ya gane tafiya ta ƙare ya sauka, sannan a ratsa da shi tsakanin wuta biyu kafin mai rai ya hau.

"Kwana nawa ke nan?" in ji Damba.

"Uku, Baba. Mahaifina ne. Hutuna ya ƙare, gobe zan kulle gidan in koma aiki. In kana so ka ɗauka yau."

Damba ya zagaya ta, ya buga shasin da ƙafa. Babu tsatsa. In ya kai ta gida ya sake kife ta, Norjmaa za ta gane, kuma ba za ta taɓa shiga ba. A ganinsa kuma ƙarfe ƙarfe ne. Su biyu suka kama suka birkice ta, ya ja ta gida, ya ce wa matarsa janareta ake ɗauka da ita.

Mako biyar ya yi yana aikin. Ya tayar da bango da ƙarafa, ya rufe da falanki, ya cusa ulun tsohuwar bukkarsu a tsakani saboda sanyi. Ya cire tayoyinta ya sa irin na tsohuwar motarsa 'yar Rasha, don tayar ko-ta-kwana ɗaya ta ishe su duka. Ya ƙara mata sifirin ya ɗaga ta daga ƙasa. Ya yanka tukunyar gas ya yi ɗan murhu, ya fitar da bututun hayaƙi ta sama, ya kafa sola a rufi. Ƙofa kuwa a gefen hagu ya yanka ta, yadda in sun tsaya suna fuskantar yamma za ta kalli kudu kamar ƙofar kowane gida. Gado ya cinye cikin duka: Norjmaa a dama can jikin bango, shi a hagu bakin ƙofa. Daga ƙarshe ya ja igiya daga kan gadon zuwa cikin mota, ya ɗaura mata ƙararrawar raƙumi, in tana son a tsaya sai ta ja.

Maƙwabcinsa Puntsag, tsohon likitan dabbobi, kullum yana jingine da shinge yana kallo.

"Kai Damba, ɗakin amarya kake ginawa ko akwatin gawa?"

"Zo ka kwanta in gwada tsawonka."

"Ni? Karena ma ya fi ni wayo. Dubi inda yake bi."

Gaskiya ne. Karen Puntsag, wanda ba ya barin taya a unguwar ba tare da ya ɗaga mata ƙafa ba, yakan bi ta jikin shinge ya zagaye tirelar, kansa a ƙasa.

Ranar da ya gama aikin, Damba ya ja baya ya duba, sai ya ga ta ɗan karkace. Ya cusa hannu tsakanin taya da bodi. Dama, yatsa huɗu. Hagu, yatsa biyu. Ya kwashe duk abin da ke ciki ya sake gwadawa, yatsa biyu. Ya musanya sifirin na hagu da na dama, aikin yini guda, hagun dai ya zauna a yatsa biyu. Ya hau gefen dama da kansa ya sa Puntsag ya auna, sai ta daidaita cif. Nauyin Damba kilo sittin da biyar ne. Nauyin mutum guda ke nan yake danne hagun.

Sun tashi ranar huɗu ga Oktoba da hantsi. Norjmaa ta sa aka miƙo mata ludayi, ta watsa madara a bayan motar da hannunta mai lafiya don neman sa'ar hanya. Awar farko bayan kowane hutu takan zauna a gaba, sannan ya ɗauke ta ya kwantar a tirela.

A rana ta biyu, bayan sun wuce garin Bayandalai, suna kan wani shimfiɗaɗɗen fili da ko tsakuwa mai girman ƙwai babu, rana tsaka, Norjmaa na zaune kusa da shi tana tsotsar busasshen cuku. Ƙararrawar ta kaɗa. Sau biyu, a hankali, kamar mai jin nauyin ya dami mutane.

"Gargada ce," in ji Damba.

"Wace gargada, tsoho? Shayin da ke cinyata ko motsi bai yi ba. Ka tsaya mana, an ce ka tsaya."

Ya tsaya. Ya sauka ya buɗe ƙofar tirelar. Bargon Norjmaa na naɗe a inda ya bar shi. A gefen hagu katifar ta ɗan lotsa, tun daga kai har ƙafa, shi kuma da hannunsa ya shafe ta sumul da safe.  Sannan ya rufe ya koma ya tayar da mota. Norjmaa ba ta tambaye shi abin da ya gani ba.

Da la'asar suka hango bukka guda a gindin tudu, da garken raƙuma. Damba ya tsaya nesa kaɗan ya ɗaga murya kamar yadda aka saba: "A riƙe karnuka!" Babu buƙata. Baƙaƙen karnuka biyu sun taho a guje, da suka zo kamar taku goma daga tirelar sai suka kwanta suka ɗora haɓa a ƙasa suna kaɗa wutsiya.

Wata tsohuwa ta fito tana gyara ɗamara. Sunanta Khandsuren, tana zaune da 'ya'yanta maza biyu. Ba ta dubi baƙin ba, marfin baya mai shuɗin fenti ta tsura wa ido.

"Wannan ai ta marigayi Jamts ce," ta ce. "Shekara goma sha biyu yana kawo mana gishirin dabbobi da ita. Shi ya ba mu karnukan nan suna 'yan kwikwiyo. A cikinta aka kai shi bayan tudun can. Ƙanena, kwana nawa ta yi a kife?"

Damba ya dubi motar. Gilashin a sauke yake, Norjmaa na ji.

"Uku, Yaya."

"Uku! Gemu fari fat, ka kasa ƙirga bakwai?"

Suka shiga ciki da Norjmaa, aka zuba shayi mai madara da gishiri. Damba ya riƙe kwanon bai kai baki ba. Jira yake matarsa ta fara, don shekara arba'in da biyu da aurensu bai taɓa yi mata ƙarya mai girman wannan ba.

"Janareta," in ji Norjmaa. "Yaya, ce min ya yi janareta. Tun ranar da ya kwantar da ni in gwada gadon na san ba ni kaɗai ba ce a ciki. Mutumin kirki ne, bai taɓa matse ni ba. Ya fi wani tsoho da na sani mai kai min gwiwa a baya."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Da na faɗa da yanzu muna gida kana rantsuwa da sifirin. Ni tafiyata nake so. Amma ba zan sauka a ƙasar uwata da baƙon da bai san an sallame shi ba. Ka biya shi kwanansa huɗu."

Babban ɗan Khandsuren ya ce rediyo ta ce dusa na tafe cikin mako. In ta yi yawa, mashigin ya rufe ke nan sai bazara. Daga nan zuwa mahaifar Norjmaa yini ɗaya da rabi ne. Damba ya yi lissafin nan a fili, sau biyu, yana kallon matarsa. Ita kuwa ta miƙa kwanonta a ƙara mata shayi.

Kashegari da safe ya kwance solar, ya zare bututun hayaƙi, ya fitar da gado da murhu. Shi da 'ya'yan Khandsuren biyu suka ɗaura igiya, raƙumi ya ja, tirelar ta tafi a hankali ta kife. Rufin ya tsage ta kusurwa ɗaya, Damba ya ji ƙarar har cikin haƙoransa.

Kwana huɗu suka yi a bukkar Khandsuren. Karnukan suka tare a gindin tirelar, abinci ma sai an kai musu can. A rana ta uku dusa ta sauko, siririya, ta rufe tayoyin da ke kallon sama. Damba ya yini a bakin ƙofa yana kallon yamma. A rana ta huɗu da azahar karnukan suka miƙe tare, suka bi wani abu da ido har bayan tudu, sannan suka koma wurin raƙuma. Da safiyar rana ta biyar aka birkice tirelar, aka hura wuta biyu da kashin raƙumi, aka ja ta ta tsakiya. Damba ya cusa hannu. Dama huɗu, hagu huɗu.

Mashigin bai rufe ba, amma da kyar suka haye, sau uku yana sauka da shebur. Mahaifar Norjmaa wani fili ne kusa da busasshiyar rijiya, babu abin da ya rage sai da'irar duwatsu inda bukkar iyayenta ta taɓa tsayawa. Ya share dusar da ƙafa, ya ɗauko ta ya kwantar a ƙasa. Ba ta iya juyawa da kanta, shi ya riƙa mirgina ta, sau uku zuwa dama, tana dariya tana ce masa ya yi a hankali ba buhun gishiri ba ce. Ta damƙi ƙasar ta shafa a goshi, ta sa ya ƙulle mata dutse ɗaya a gefen ɗamara.

Ta rasu a watan Fabrairu, a gida, da rana, Damba na gyara mata matashi. Kafin nan ta faɗa masa inda take so a kai ta, da abin da za a kai ta a ciki. Da hanya ta buɗe haka aka yi, a cikin tirelar ya kai ta.

Yau wata goma sha huɗu da dawowarsa daga wannan tafiyar, tirelar na tsaye a tsakar gidansa a kan tayoyinta. Bai kife ta ba ko na yini ɗaya. 'Yarsa ta zo daga Ulaanbaatar, babban birnin ƙasar, ta yi kuka, ta kawo lama, malamin gidan ibada, ya yi masa magana, ya ba su shayi ya raka su ƙofa. Ya like tsagar rufin, ya mayar da murhu, yakan hura shi in sanyi ya yi tsanani.

"Ka san abin da kake yi kuwa?" Puntsag ya tambaye shi ta kan shinge. "Kai fa ka ce ƙarfe ƙarfe ne."

"Na ce."

"To ka sake ta ta tafi mana, Damba."

"In tana son sauka ai bakinta bai shanye ba. Za ta faɗa."

Kowace safiya yakan cusa hannu tsakanin taya da bodi. Hagu huɗu, dama biyu da rabi, don Norjmaa ba ta kai Jamts nauyi ba. Igiyar nan tana nan, ya ja ta ta taga zuwa cikin ɗaki. Puntsag ya ce ya ji ƙararrawar da kunnensa sau da yawa, da rana tsaka, ranar da ko hayaƙin murhu ba ya karkata. In ta kaɗa, Damba yakan kashe injin walda, ya goge hannu, ya zuba shayi a kwano biyu ya nufi ƙofar da ke kallon kudu.