Babban Yatsan Yaya

Yatsu bakwai suka rage wa Auta, biyar a hagu, biyu a dama. Babban yatsa da manuniya da na tsakiya, injin yankan takarda ne ya tafi da su, a maɗaba'ar da ya yi wa aiki tun yana saurayi. Aka ɗinke wurin, aka sallame shi, aka ɗauki wani a gurbinsa tun ba a cire zare ba. Ya kusa arba'in, amma har yanzu Auta ake ce masa, kuma da haya ta gagara sai ya koma gidan yayarsa, telar da mijinta ya rasu ya bar ta da keken ɗinki da ɗakuna biyu. Ta shimfiɗa masa katifa a ɗakin aikinta, tsakanin buhun ƙyallaye da teburin guga.

Ya nemi aiki, ba wai bai nema ba. Duk inda ya je, hannun ake fara kallo kafin fuskar. Sannu a hankali mutane suka daina tambayarsa ya aiki, suka koma ya jiki, ko da kuwa lafiyarsa ƙalau. Wannan gaisuwar ta fi injin yi masa ciwo.

Abu biyu ya iya tun can: wasan bidiyo, da doguwar gardama a rubuce. Akwai wani ƙaramin shafin intanet na sharhin wasanni da yake bi kullum. Marubuta huɗu ne kacal, kuma Auta ya san ta ƙofar da kowanne ya shigo. Na farko shi ne Edita, mai shafin, wanda sana'arsa gyaran waya ce. Na biyu ɗan ƙanwarsa ne. Na uku ya dami shafin da gyara musu kurakurai har suka gaji suka ce to shigo ka yi da kanka. Na huɗu na'urar wasa mai tsada gare shi, shi ke nan cancantarsa. Ba a biyan kowa. Abin da ake samu shi ne suna a ƙarƙashin kanun rubutu, da kalmar "marubuci" a gefensa. Auta kuwa kalmar yake so. Yana son a tambaye shi ya aiki, ya samu abin amsawa.

Da aka sanar ana neman na biyar, sharaɗin ɗaya ne, kuma shi ne abin alfaharin shafin: ba a sharhin wasan da mutum bai gama da hannunsa ba. A gama wasan da aka zaɓa, a ɗauki hoton allon ƙarshe, a turo da sharhi mai kalmomi ɗari takwas.

Auta ya kafa hannun gem, abin da ake sarrafa wasan da shi, a kan gwiwarsa, hagu na tuƙi, ƙaramin yatsan dama na lalube. Matakai goma sha biyu ne a wasan, ya ci goma sha ɗaya da taurin kai. A na ƙarshe ya tsaya cak. Bos ɗin wurin, wato ƙaton da ke tsare ƙarshen wasan, ba ya mutuwa sai an danne maɓallin garkuwa da babban yatsan dama, a saki, a kai sara, a sake dannewa. Ya gwada da dungulmin, ɗinkin ya yi ja. Ya gwada da haɓa. Kiɗan mutuwa ya yi ta tashi a ɗakin har ya fi ƙarar keke.

"Auta, wannan mutumin naka bai gaji da mutuwa ba?" Yaya ta tambaya, allura a bakinta. "Ni fa na gaji da zaman makokinsa."

"Yatsa ɗaya ya rage mini, Yaya."

"Uku dai."

"A wasan nake nufi."

Ta dube shi, ta dubi jan da ke kan dungulmin. Ta zare allurar ta soka a gefen zaninta, ta jawo kujera.

"Wanne ne? Nuna mini. In na ɓata kada ka zage ni, na girme ka."

Babban yatsanta almakashi ya yi masa kanta, ya yi tauri kamar ƙahon rago. Ta ɗora shi a kan maɓallin, kafaɗarta na gugar tasa. Shi yana tuƙi yana ba da umarni: "Danna! Saki! Yaya, saki na ce!" Ita kuma tana ramawa: "Ka matsa hagu mana, makaho ne kai?" Suka sha kashi, suka sake shiga. A hankali ta daina jiran umarni, tana ganin bos ya ɗaga gatari sai ta danne. Da ƙaton ya faɗi, Yaya ta yi wata ƙara da ba a ji irinta a gidan ba tun rasuwar mijinta, har wata mai karɓar ɗinki ta leƙo tana salati.

Auta ya rubuta sharhin da hannun hagu, ya ƙirga, ɗari takwas cif. Ya rubuta shi yadda abin ya faru: muka shiga, muka sha kashi, muka gama. Ya ba babban yatsan Yaya sakin layi guda. Ita kuwa duk wadda ta kawo ɗinki sai ta ji labari. "Za a sa ni a intanet," take cewa, "ni da yatsana."

Edita ya kira shi shagonsa, wani ɗan lungu mai warin dalma, gawarwakin wayoyi jibge a cikin kwali. Ya miƙo hannu don gaisawa, ya ga abin da aka miƙo masa, ya yi saurin mayar da idonsa kan allo.

"Malam, mutum tara suka turo. Naka ya fi, ba ma kusa ba. Amma wannan 'muka' ɗin fa? Kai da wa?"

"Ni da yayata. Yana nan a ciki, maɓalli ɗaya ta riƙe mini."

"Na karanta." Edita ya sosa ƙeya. "Ka san dokarmu. Mun taɓa korar wani da abokinsa ya gama masa, masu karatu suka tafa mana. In na sa wannan, gobe za su ce dokar tana duban fuska. Su ɗari uku ne duka-duka, ranka ya daɗe, in hamsin suka yi fushi na rufe shafin."

"Ba gama mini ta yi ba."

"Ni na yarda. Su ne ba za su yarda ba." Ya juyo da allon. "Wuri goma sha huɗu ne. Mayar da su 'na', ka cire sakin layin nan, ka zama ɗan gida. Hoton ai bai nuna yatsan kowa ba."

Wata waya ta yi ƙara a cikin kwalin, ba wanda ya kula ta. Sai Auta ya sunkuya a kan kantar shagon, ya fara gogewa da ƙaramin yatsa. Na shiga. Na sha kashi. Na gama. Da ya cire sakin layin, kalmomin suka koma ɗari bakwai da ashirin.

"Bai cika ba," ya ce.

"Ba komai. Haka ma ya fi tsafta."

Rubutun ya fito da sunansa, da "marubuci" a gefe. Yaya ta sa tabarau, ta karanta a wayarta tun daga sama har ƙasa, sannan ta koma sama, ko ta tsallake layi. Masu kawo ɗinki biyu na zaune suna jiran a karanta musu wurin yatsan. Ta kife wayar a kan teburin guga.

"Ya yi kyau," ta ce. "Allah ya sanya albarka. Hajiya, taso in gwada ki."

Ba ta ƙara tayar da maganar ba. Abinci na zuwa kamar da, wanki na fita kamar da. Maƙwabcinsu ya tare Auta a bakin ƙofa ya ce, "Marubuci, ya aiki?" Ya amsa da godiya, ya yi saurin shigewa ciki.

Edita ya turo wasa na biyu, ya ce masu karatu na jira. Wannan karon tun a mataki na uku aka buƙaci babban yatsan dama. Auta ya yi ta faɗawa rami ɗaya. Keke na ta gudu a bayansa.

"Yaya."

Keken bai tsaya ba.

"Yaya, maɓalli ɗaya ne."

Ta yanke zare da haƙori, ta juya rigar, ta sake sa ta ƙarƙashin allura.

"Marubutan shafinku ai da hannunsu suke gamawa, Auta. Na karanta."

Wayarsa ta yi haske a kan katifa. Edita ne: ina aka kwana, ka kai ina? Auta ya dubi saƙon, ɗan mutumin wasan na tsaye a bakin rami yana jira. Sannan ya jawo wayar, ya rubuta: "Na kusa."