Tukunyar da Aka Tono a Gonar Ladi

Yau na rubuta jarrabawar ƙarshe, jama'a! Tsallen da na yi a bakin hol har silifas ɗina ya tsinke. Na dawo ɗaki na tarar da Rifkatu, abokiyar ɗakina, ta ƙudundune cikin bargo da rana tsaka, wai littafin tsoro take karantawa: 'yan ƙungiyar Shaiɗan suna yanka mutane, wani fadan coci yana bin su da ruwa mai tsarki. Ta ce in karanta shafi ɗaya in ji a jikina. Na karanta biyar. Abeg! Shaiɗan mai ƙaho da jan ido, wanda sai an kunna masa kyandir yake fitowa? Wanda ya rubuta abin nan bai taɓa zama gaban wutar Kakata ba.

Kaka maginiyar tukwane ce a Ushafa. Ranar gashi, da la'asar za ta jera tukwanen, a lulluɓe su da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna. Ba a barin wutar ita kaɗai, sai mu yaran unguwa mu zagaye ta, kowa da guntuwar doyarsa yana jiran garwashi. A nan take ba mu labari.

"Ga ta nan tafe," haka take farawa. "Wanda bakinsa ya fi kunnensa girma ya tashi ya tafi gida."

Wai a shekarun da gwamnati ta kwaso kujerarta daga Legas, katafila ta shiga cin daji, gonar da ko akuya ba ta kallo sai ta zama abin so in dai titi ya bi ta gefenta. Akwai wata Ladi, mijinta ya rasu ya bar mata irin wannan gona. Ƙanin mijin, Ɗanjuma, ya nema ta hana. Ana haka zazzaɓi ya kwantar da yara biyu a unguwa, sai ga Ɗanjuma da baƙo, wai mai korar Shaiɗan. Carbi a hannu, gicciye a wuya.

"Don kada kasuwa ɗaya ta wuce shi," in ji Kaka, ta tofar da yawu cikin wuta.

Oga baƙo ya yi ta kaɗa ƙararrawa yana karkarwa, gari na bin sa, har tsakiyar gonar Ladi. Ya ce a haƙa nan. Aka haƙa, sai ga 'yar tukunya da murfi, cikinta jini da gashin kaza. Ya ce shekara bakwai ke nan da binne ta, da ita Ladi ta ba Shaiɗan mijinta, yanzu kuma yara take miƙa masa. Ladi ta durƙusa tana rantsuwa, ba mai ji. Mutane suka fara tsintar duwatsu.

Sai wata tsohuwa ta ce a miƙo mata tukunyar.

"Mama, kika taɓa ta hannunki zai shanye!" in ji oga.

"Dama ya gaji," ta ce.

Ta ƙwanƙwasa ta da farce, tukunya ta ce ƙin! kamar sabuwa. Ta juya gindin ta duba.

"Shekara bakwai a ƙasa, damina bakwai, ga baƙin hayaƙi yana bin hannuna? Ni na gasa ta ranar Talata. Ga shaidar babban yatsana. Kai ka zo ka saya, har ka ce in haɗa maka da murfi."

Wai gari ya kwashe da dariya, duwatsun da aka tsinto don Ladi aka bi oga da su, ya yar da ƙararrawa ya faɗa daji. Mu ma sai mu faɗi ƙasa don dariya, muna kwaikwayon gudunsa.

"Ƙurunƙus," Kaka ta ce, "kowa ya ciro doyarsa kafin ta zama gawayi."

Bara, bayan mun binne Kaka, na ba Mama labarin ina dariya. Mama ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ke, ba tatsuniya ba ce. Kakarki ce ta karɓi tukunyar. Kuma ba wanda ya yi dariya." Wai wani daga baya ne ya ce wa Kaka, ashe ke kike gina wa Shaiɗan tukunya? Shi ke nan, mayu suka zama biyu. An jefi Ladi har goshinta ya fashe, ta kwashi 'ya'yanta ta koma Karu, ba ta sake takowa ba. Kaka kuwa ta daɗe tana kai tukwane kasuwa tana dawowa da su a kafaɗa. Gonar yanzu katanga ce da baƙin get.

Yasin, abin da ya fi cin raina, sun gani. Sun ji ƙarar tukunyar, sun ga baƙin hayaƙin. Kunya ce kawai ta hana su ajiye duwatsun, sai suka zaɓi jifa. Wasunsu suna nan da rai, suna sahun gaba a coci da masallaci, kuma na sha durƙusa musu.

Sai daga baya na tuna su wa ke zama da ni a bakin wutar. Jikokinsu ne. Kaka ta dube su, ta ƙaga musu kakanni masu hankali, ta bar su suna dariya. Ni ban kai ta kirki ba. Jibi zan hau motar Bwari in koma Ushafa, kuma ranar gashi ni zan ba yaran unguwa labarin, da ƙarshensa na gaskiya, da sunan kowa.