Tutocin da Suka Saɓa wa Iska

Kumfa bai taɓa ganin teku ba, amma shekara goma sha tara ke nan yana zana shi. Shagonsu yana hawa na biyu, saman mai sayar da tayoyi, ɗaki ɗaya mai taga biyu da warin fenti da kananzir. Aikinsu kwaikwayon tsofaffin zane-zanen tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska, da hannu, daga wani littafin hotuna da bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi. Otal-otal da ofisoshi ne ke saya. Kowa da rabonsa a kan allo: wani sama, wani jikin jirgi da ƙyallayen da iska ke turawa, shi kuma ruwa. Farar kumfar da yake ɗora wa raƙuman ruwa ce ta ba shi suna.

Aikin ƙarshe, wato igiyoyi da tutoci, na Baba Siriri ne, dattijon da ya koya wa Kumfa riƙon buroshi. Idan ya ja layi da buroshinsa mai 'yan gasu kaɗan, sai ka rantse da rula aka ja.

Shekara bakwai da suka wuce, wata ƙungiyar masu tseren jirage ta ba su aikin zane goma sha biyu. Ranar da za a kammala, Baba ya tafi asibiti a duba masa ido, ya bar kawunan sandunan jiragen babu tuta. A littafin ma an yanke saman hoton. Kumfa ya ga motar da za ta kwashi zanen tana jira a ƙasa, ya ɗauki buroshin Baba ya sa jajayen tutoci, dukkansu suna kaɗawa baya, yadda yake ganin tuta a kan mota.

Bayan mako ɗaya aka dawo da zanen gaba ɗaya. Iska ce ke tura jiragen daga baya, don haka gaba tuta za ta nufa. An ce mutanen ƙungiyar sun sha dariya.

Maigidan shago ya jera allunan a bango. "Baba, wane ne mai tuta a ɗakin nan?"

Baba ya matsa kusa, ya cire tabarau, ya mayar. A watan nan ya sa tutoci sun fi ɗari.

"Ni ne," in ji shi. "Ashe idon ya tafi da hankalin ma."

Kumfa yana gefe yana wanke buroshi a gwangwani. Ya ci gaba da wankewa. Ƙarshen wata Baba ya kwashe kayansa, maigida kuma ya miƙa wa Kumfa kujerarsa.

Tun daga nan, duk Asabar da hantsi Kumfa yana gidan Baba da ledar lemo. Ya gyara famfo, ya sauya ƙwan lantarki, ya raka shi asibiti. Maƙwabta suna cewa ɗan halak ne. 'Yar Baba, wadda take ɗinki a falo, tana kiransa Yaya.  Matarsa kaɗai ta san gaskiyar maganar tutocin, ita ma ta gaji da cewa, "Ciwon da aka ɓoye ai shi ke ruɓa."

Asabar ɗin da ta gabata, 'yar ta miƙa wa mahaifinta allura da zare. "Baba, zura mini, hannuna da maiƙo."

"Ba wa yayanki. Mutumin da ya juya iska a jirgi goma sha biyu ne zai ga kafar allura?"

"Likita fa ya ce tun da aka yi maka aiki, idonka ya fi nawa."

"Likita bai ga tutocin ba."

Kumfa ya karɓi allurar. Sau uku zaren yana kaucewa.

"Baba," in ji shi, "ba kai ka sa su ba. Kana asibiti ranar. Ni ne."

Keken ɗinki ya tsaya. Baba ya dube shi ya daɗe, irin kallon da yake wa allo kafin ya ja layi.

"Kai, ɗan nan?"

"Ni."

"Kana tsaye a wurin kuwa da aka tambaya."

"Ina tsaye."

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce wa 'yarsa ta ɗauko masa akwatin da ke ƙarƙashin gado. Fentin ciki duk ya bushe, sai kwalbar baƙar tawada ɗaya. Ya ciro buroshi, ya jiƙa, ya kifa kalandar bango a kan tebur, ya ja layi daga sama zuwa ƙasa. Layin ya fito yana rawa kamar sawun tsutsa. Ya sake. Na biyun ya fi na farko muni.

"Ka gani? Idon lafiyarsa lau, ina ganin duk inda ya karkace." Ya ajiye buroshin. "Hannu ba ya jira, ɗan nan. Da a shekarar ka faɗa, da yanzu hannun yana nan."

Kumfa ya ce zai gaya wa maigida ranar Litinin.

"Gaya masa. Kujerar dai ka riƙe, ba ni da abin zama da shi a kanta."

'Yar ba ta raka Kumfa ƙofa ba, ba ta kuma ce masa Yaya ba. Ledar lemon tana nan inda ya ajiye ta.

Ranar Litinin ya faɗa wa maigida a gaban kowa. Maigida ya yi tsaki ya ce tsohon zance ne, akwai jirage shida da ke jiran igiya. Kumfa ya zauna a kujerar Baba ya ja igiyoyin. Da ya zo kan tutoci, sai ya duba ƙyallayen, ya duba inda kumfarsa take fantsama, sannan ya tsoma buroshi a jan fenti. Tuta ɗaya ta ci masa rabin awa.

Bai san ko za a buɗe masa ƙofa Asabar mai zuwa ba. Ya dai sayi sabuwar tawada da takarda mai kauri, suna cikin aljihun tebur.