Inna Hinda da Kwandon Baƙuwa

A da, da hantsi za ka tarar da Inna Hinda a bakin rijiyar Dungas, ta shimfiɗa tabarma. Duk macen da ta dawo daga tsintar ganye sai ta zube kwandonta a gabanta. Kafin ta taɓa ganyen takan tambayi inda aka tsinko shi, domin tafasa da filasko 'yan gida ɗaya ne, duka furensu rawaya. Tafasa tana son makwantar shanu da bakin tabki, ita ake ci. Filasko na jigawa ne, busasshiyar ƙasa, shi kuwa wanke ciki yake yi. Mai ƙoshi ya sha ya tashi. Yaron da yunwa ta cinye, sai kabari.

Ina lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram lokacin yunwar da ta wuce. Sai bana Shatu, maƙwabciyar Inna Hinda, ta ba ni wannan labarin.

Wata baƙuwa ce, Hamsatu, yunwa ta koro ta daga arewa da 'ya'yanta. Ta kawo ganyen da ta shanya a hanya, ya marmashe, babu fure babu kwanso. Aka tambaye ta inda ta tsinko, ta ce ko'ina. Mata suka ce a zubar, Hamsatu ta kwanta a kan kwandon, don ba ta da wani abu.

Inna Hinda ta ce, "Tashi, 'yar nan, kin kwanta kamar kaza a kan ƙwai. Ni zan fara ci. Cikina tsohon rumbu ne, ba abin da bai gani ba."

Ta dafa, ta ci a gaban kowa, tsohuwar da ita ma ta kwana da yunwa. Akwai filasko a ciki. Kafin la'asar ta faɗi. Shatu ta ce har an aika neman likkafani, don ba a jin numfashinta. Da ta farfaɗo, abin da ta fara tambaya shi ne ko yaran sun taɓa tukunyar. Aka ce a'a. Ta ce to a kai uwarsu makwantar shanun Bappa makiyayi, ta ga tafasa a tsaye da idonta.

Inna, ke ce kika auna guba da cikinki saboda 'ya'yan da ba ki san sunansu ba. Kumandan, mai mulkin yankinmu, ya zo rangadi, an yabi masu tara gyaɗa, ba wanda ya ambace ki. An ce mini ba a rubuta jinjina ga mai tsintar ganye. Na rubuta, wanda ya ji haushi ya ji.

Yanzu idonki ya dushe, kin naɗe tabarmar. Mun gode, Allah ya saka miki. 'Yan'uwana mata, damina ta kusa, kuma babu kowa a bakin rijiyar. Mu je mu zauna gabanta tun tana iya gaya mana inda kowane fure yake fitowa.