Kunnen 'Yata ta Fari

A shekarun nan na alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai, ni yarinya ce da aure ya ɗauko daga ƙauye ya ajiye a gidan haya a Fagge. Maigidana birkiman ne, mai kula da birki a jirgin ƙasa, in ya bi jirgi kudu sai ya yi kwanaki ban gan shi ba. Sauran 'yan hayar Yarbawa ne 'yan kasuwa, da safe su kulle ɗakuna su nufi Sabon Gari, gidan ya rage daga ni sai kaji. Mahaifiyata ta rasu tun ina ƙarama, saboda haka da na haihu babu gidan da zan je wankan jego. A ɗakin nan na yi shi, ni ke hura wuta, ni ke ɗora ruwa.

Bayan suna ungozoma ta zo ta huda wa jaririyar kunne da allura, ta zura baƙin zare ta ƙulle. Tana yi tana bayanin yadda za a kula da hujin, ni kuwa na kau da kai na ƙura wa bango ido. A garinmu 'yar fari abin kunya ce, uwa ba ta kiran sunanta, ba ta nuna damuwa da ita gaban mutane, kaka ce ke wannan. Na manta ni ba ni da kakar da za ta saurara a madadina. Abin da na tsinta kawai shi ne man shanu. Ban ji cewa sai an riƙa wanke wurin da ruwan ɗumi da gishiri ana motsa zaren ba.

Na yi ta lafta mai a kan datti. Kunnen dama ya warke, na hagu ya yi ja, ya kumbura, zaren ya nutse cikin nama. Yarinya ta daina kama nono in na kwantar da ita ta wannan gefe. Tana kuka ina kuka, amma da na ji motsin 'yan gida sun dawo sai in ja mata hula in share hawaye. Wallahi ban taɓa jin kaɗaici irin na lokacin ba, ga mutane a tsakar gida suna hira, ga ni na kasa buɗe baki in tambaya.

Wata dattijuwa cikin 'yan hayar, mai sayar da atamfa, ita ce ta ji wari ranar da na zo wucewa da goyo. Ba ta nemi izinina ba ta cire hular. Ta yi mini faɗa da Hausarta mai gargada, ta ce su duk sun ɗauka girman kai ne ya hana ni shiga cikinsu, kuma a wajensu wadda ta yi haihuwar fari ita ce aka fi tsaya wa. Ta fasa kasuwa ta kai mu wani ɗakin shan magani a Sabon Gari. Ma'aikaciyar ta ce ƙasan kunnen ya riga ya ruɓe, sai an yanke. Dattijuwar ce ta riƙe yarinyar, ni na tsaya a bakin ƙofa.

Rai ya tsira, alhamdu lillahi, amma ɗan kunne ɗaya 'yata take sawa har yau. Ranar bikinta na ga yadda ta karkata ɗaurin ɗankwali ya rufe hagu, ba ta taɓa tambayata dalili ba.

Ban ce a yar da kunya ba, da ita aka tashe mu. Amma ke da kike baƙuwa a gari, in ana yi miki bayanin jikin ɗanki, ki ɗaga kai ki saurara, in ba ki gane ba ki sake tambaya. Ƙofar dattijuwar nan tana kallon tawa, kuma ba ta taɓa rufe ta ba in tana gida.