Malam Lawal da Taswirar Tudun Gawo

Ina cikin yankan yadi a shago da hantsin ranar Talata wayata ta yi ƙara. Nura ne, babban ɗan Malam Lawal. Ko amsa sallamata bai tsaya yi ba ya ce, "Baba ya cika." Na ajiye almakashi na zauna a kan benci, ina ta maimaita Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mun daɗe da sanin jikin ya yi nisa, amma sanin bai rage mini komai ba. Da hankalina ya ɗan dawo, tunanin farko da ya zo mini shi ne Tudun Gawo, garin mahaifiyarsa da ke can wajen Baure. Wa zai gaya musu, kuma in an gaya musu za su zo? Rabon da wani daga garin ya taka ƙofar gidan Malam an yi damina biyu.

Malam Lawal ya koyar da ni labarin ƙasa a sakandare a nan Daura. Ba na cikin masu ƙoƙari, kuma da na ƙare a kan keken ɗinki bai taɓa nuna mini na gaza ba. Bayan ya yi ritaya sai ya duƙufa kan abin da ya jima yana yi a ɓoye, wato zana taswirar masarautun da ba a taɓa yi ba. Tambayarsa kullum ita ce, da a ce Turawa ba su zo ba fa? Da a ce ba a ja layin da ya raba mu da danginmu na arewa ba, da a ce ayarin gishiri bai daina sauka ba, wane gari ne zai bunƙasa, wane ne zai koma kufai? Sai ya zauna a zaurensa ya bi amsar a takarda, da hanyoyin fatake da kasuwanni da ganuwa. 'Yan unguwa suka laƙaba masa Malam Da-a-ce, shi kuwa yana amsawa da fara'a.

Kowace masarauta sai ya yi mata tuta, kuma nan ne na shigo. Yakan zo shagona da zane a hannu ya tsaya a kaina har in gama. Launi ba ya wuce uku, kuma dole ya kasance wanda marinanmu na dā za su iya fitarwa: shuɗin baba, jan karan dafi, fari ko rawaya. Na taɓa ɗinka masa wata da kore mai sheƙi don na ga ta fi kyau, ya mayar mini da ita ya ce mutanen masarautarsa ba su san kanti ba. In na so ƙara ado sai ya ce, "Sabi'u, tutar da ba a gane ta daga nesa ai zanin gado ce." Na sha jin haushinsa a kan farke ɗinki, ba zan ɓoye ba. Amma ban taɓa ganin mai ɗaukar wasa da muhimmanci kamarsa ba.

Wannan tsananin nasa ne ya jawo abin da ya jawo. Tunda a duniyarsa boko bai iso ba, sunayen garuruwa duk da ajami yake rubuta su, da alƙalamin kara da tawada. Takardar kuma sai ya jiƙa ta da ruwan shayi, ya shanya, ya kara ta a hayaƙi har ta yi ja gefenta ya dafe. A ƙarshe ya buga mata hatimin da ya sassaƙa da kansa daga tafin tsohon silifa. Wanda bai sani ba zai rantse daga akwatin kakanni aka fito da ita.

Yana da taubashi a Tudun Gawo, Alhaji Mamman, ɗan kawunsa. Tare suka tashi, kuma ban taɓa ganin tsofaffi biyu masu tsokanar juna irinsu ba. Da yake Alhaji ɗan namiji ne, Malam ɗan mace, ba ya kiransa da komai sai "bawana". In ya shigo Daura, tun daga bakin titi za ka ji yana tambaya ina bawan nan da ba ya zuwa gaishe da ubangidansa. Shekarun baya Malam ya rama. Ya zana masarautar da Tudun Gawo ce babban birninta, ya shimfiɗa mata iyaka har ta haɗiye fadamar da ke tsakaninsu da maƙwabtansu na Rijiyar Kanya, ya kai wa Alhaji ya ce ga ƙasa nan, kada a ce ubangidansa ba shi da ko taki ɗaya. Suka yi dariya har da hawaye, Alhaji ya naɗe takardar ya jefa a akwati.

Fadamar nan kuwa a gaske garuruwan biyu ne ke nomanta da rani, albasa da tumatir da ɗan rake, kuma an daɗe ana 'yar tsama a kan inda rabon kowa ya tsaya. Ana haka wani cikin samarin gidan Alhaji ya ci karo da takardar, ya ɗauki hotonta da waya. Kafin mako ya zagayo hoton ya gama garuruwan. Ga ajami, ga hatimi, ga tsufa, wa zai yi musu da rubutun magabata? Samarin Tudun Gawo suka bi layin Malam suka kakkafa turaku a cikin albasar mutane. Na Rijiyar Kanya suka tuge su. Aka fasa wa wani kai, aka fara zuwa gona da adda a rataye. Hakimin yankin ya sa rana ya kira ɓangarorin biyu, ya ce kowa ya zo da hujjarsa.

Nura ne ya nuna wa mahaifinsa hoton, ina zaune. Malam ya daɗe yana kallon wayar. Abin da ya ce kawai shi ne, "Layin da na ja da alƙalami, ga shi za a ja shi da adda."

Ana jibi za a yi zaman sai Alhaji Mamman ya zo, na kawo wata tuta ke nan. Ya yi sallama a hankali, ya gaisa kamar baƙo, kuma bai ce "bawana" ba. Nan gabana ya faɗi. Na yunƙura zan fita, Malam ya ce in zauna. Alhaji bai yi kewaye-kewaye ba. Ya ce ya san takardar wasa ce, amma haƙƙin ba wasa ba ne, domin kakanninsu ne suka fara sare fadamar, shaidun ne kawai suka mutu. Ya ce magana ta riga ta fita, dattawan gari sun riga sun dafa takardar a gaban jama'a, in ta rushe yanzu har jikoki za a riƙa yi musu gori.

"Ban ce ka yi ƙarya ba, Lawal," in ji shi. "Ka zauna a gidanka kawai. Ba ka da lafiya, kowa ya sani."

Malam ya ce in ya zauna, takardarsa za ta yi ƙaryar a madadinsa, kuma in jini ya zuba a kan layin nan shi za a tambaya ranar gobe. Ya roƙi Alhaji ya tashi da kansa ya faɗi gaskiya, ya ce hakan zai fi sauƙi ga kowa. Alhaji ya miƙe ya sa takalmansa. Daga bakin ƙofa ya juyo ya ce, "In ka je, ka manta hanyar garin uwarka." Na ga Malam ya dafa bango kafin ya koma ya zauna.

Ni na goya shi a mashin ranar zaman, don ƙafafunsa sun kumbura, takalmi ma da ƙyar ya shiga. A hanya na ce masa ko ya rubuta wa hakimi ya aika, ba sai ya tsaya a gaban dangi ba. Ya ce takarda ce ta ɓata, ba zai aiki wata takardar ta gyara ba. Mun tarar an cika maƙil a ƙofar gidan hakimi, kowane gari ya ja gefe guda, samari tsaye a baya fuska a murtuke. An shimfiɗa taswirar a kan tabarma, wani dattijon Tudun Gawo yana bin iyakar da yatsa yana karanta sunaye. Da mutanensu suka hango Malam sai suka fara matsa masa wuri, a zatonsu ɗansu mai ilimi ya zo ƙarfafa musu. Wannan matsawar ta fi komai yi mini ciwo. Alhaji Mamman kaɗai ya sunkuyar da kai.

Malam ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, takardar nan ni na zana ta a zaurena. Ba ta kai ɗan autana shekaru ba." Nan da nan hayaniya ta ɓarke. Wani ya ce an saye shi, wani ya ce tsufa ne. Sai Malam ya sa hannu a aljihu ya fito da guntun silifan nan, ya nemi tawada, ya buga shi a gefen tsohon hatimin. Hakimi ya duba, ya miƙa wa dattawa, kowa ya ga babu bambanci. Samarin Rijiyar Kanya suka fashe da dariya suna nuna na Tudun Gawo. Ban taɓa ganin Malam ya fusata kamar lokacin ba. Ya juya gare su ya ce, "Ban ce fadamar taku ce ba. Na ce takardar tawa ce." Dariyar ta mutu nan take.

Hakimi ya ajiye takardar gefe, ya sa dattawan garuruwan biyu su taka iyakar da ƙafarsu kamar yadda suka gada. An kai ruwa rana, amma an daidaita, kuma ba a sake zubar da jini ba. Da muka fito Malam ya tsaya yana gaishe da danginsa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Babu wanda ya amsa. Wani yaro da bai kai jikansa ba har da tofar da yawu.

Bai daina zane ba, amma ya daina shayi da hayaƙi. Kowace taswira sai ya rubuta a tsakiyarta da boko da ajami cewa ƙirƙira ce, yana rubutawa yana mitar ta ɓata masa kyan aiki. Bai taɓa zagin Tudun Gawo ba, bai kuma yarda a zage ta a gabansa ba. Sai dai salla ta zo ta wuce babu wanda ya leƙo, aka yi suna da aure a can ba a aiko masa goro ba. In mashin ya tsaya a ƙofar gida sai ka ga ya ɗaga alƙalami yana saurare. Sau ɗaya ya aike ni gaishe da Alhaji, aka ce mini ba ya nan, alhali ina jin tarinsa daga cikin zaure. Da na dawo na ce ban same shi ba, Malam ya dube ni ya yi murmushi, bai ƙara tambaya ba.

Shi ya sa ranar Talatar nan na kira Alhaji tun kafin in rufe shago. Bai ɗauka ba. Na aika saƙo, na kira wani ɗan acaɓan garin na roƙe shi ya je har gida ya faɗa. Iyali sun so a yi jana'iza kafin rana ta take, na roƙi Nura a jira azahar, ya yarda. Na kasa zama, ina ta fita bakin titi. Aka yi azahar, aka fito da gawar Malam, aka daidaita sahu. Ɗalibansa sun zo, malamai sun zo, har wasu dattawa daga Rijiyar Kanya. Na bi fuskoki ɗaya-ɗaya, babu ko mutum guda daga garin uwarsa. Liman ya dube ni, na sunkuyar da kai, ya yi kabbara.

Sai da aka rufe kabari jama'a suka fara watsewa na hango Alhaji Mamman yana tahowa tsakanin kaburbura, shi kaɗai, yana dogara sanda. Ya rame sosai. Ya tsaya a gaban ɗanyar ƙasar, sannan ba tare da ya dube ni ba ya ce, "Tela, ya tafi yana fushi da ni?"

Mako guda kafin rasuwarsa, da na je duba shi, Malam ya bar mini saƙo zuwa ga Alhaji. Rabinsa mai daɗin faɗa ne, rabin kuwa na so in haɗiye, amma na san wanda ya ba ni. Na ce, "Alhaji, ya ce in ka zo ba ya nan, in gaya maka bai taɓa riƙe ka a ransa ba. Ya kuma ce in gaya maka, da za a sake, abin da ya yi shi zai sake yi."

Alhaji ya gyaɗa kai. "Na sani," in ji shi. "Shi ya sa na kasa haɗa ido da shi." Ya saki sandar ya durƙusa a gefen kabarin, ya dafa ƙasar da hannu biyu, ya yi kuka irin wanda ban taɓa jin dattijo ya yi ba. Na tsaya a bayansa har ya gama, na kama shi muka taho gidan makoki.

Ya Allah ka jiƙan Malam Lawal, ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa ka haskaka shi. Ka sa gaskiyar da ya faɗa a ranar da shiru ya fi masa sauƙi ta tsaya masa a gabanka. Ka ba iyalinsa, Nura da ƙannensa da mahaifiyarsu, haƙurin wannan rashi, ka zama gatansu. Ka sanyaya zuciyar Alhaji Mamman, ka mayar da zumuncin da ya yanke tsakanin gidan nan da Tudun Gawo tun waɗanda suka rage suna da rai. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.